Ƙullutun da Aka Binne a Ƙofar Dumi

Duk shekara sai an turo mana ɗalibai su koyi aiki, kuma duk shekara sai na ji ɗaya daga cikinsu ya ce ɓangarenmu ne wurin hutawa. Wai masu gwajin jini suna ta kai-kawo, mu kuwa muna zaune muna yanka nama kamar masu tsire. Da can nakan ji haushi, yanzu tsufa ya rage mini. Amma da yake saura kaɗan in ajiye aiki, bari in gaya muku abin da ke cikin wannan zaman da kuke rainawa, ko wani zai riƙe.

Idan likita ya ga ƙullutu a jikin mutum, ko gyambon da ya ƙi warkewa, kuma bai san ko mene ne ba, sai ya yanko ɗan nama daga wurin, wani lokaci ma ƙullutun gaba ɗaya, a saka a kwalba mai ruwan magani a kawo mana. Ruwan nan sunansa fomalin. Shi ke hana naman ruɓewa, ya ƙamar da shi yadda yake a jikin mai shi. Mu ne za mu tsotse ruwan da ke cikin naman da sifirit, mu dasa shi a cikin kakin kyandir, mu yanka shi ya fi ɓawon albasa siranta, mu ɗora a kan gilashi, mu rina. Sai mu miƙa wa likitan da ke dubawa a madubin da ke ƙara girman abu, shi zai ce daji ne ko ba daji ba. Sunansa ne ke fita a takarda, namu ba ya fita, ban kuma taɓa neman ya fita ba. Sai dai abin da hannunmu ya ɓata, idonsa ba zai iya gyarawa ba.

Aikin farko da aka ba ni a wannan ɗaki wasa wuƙa ne. Ubangidana wani mutumin Kudu ne, Mista Etim, ɗan gajere mai furfura, wanda ya daɗe a Bauchi har yana cin tuwo da miyar kuka ya nemi ƙari. A zamanin babu waɗannan reza da kuke yankawa da su ku jefar. Wuƙa ce ta ƙarfe mai nauyi, a wasa ta a kan dutse, a goge ta a kan fata kamar askar wanzami. Ni da na zo da takardar makaranta ina hura hanci, sai ga ni ina wasa wuƙa wata da watanni. In na gama sai ya sa bakinta a madubi ya leƙa. Da ya ga ɗan tsagi, wanda ido ba ya gani, sai ya miƙo mini ita in sake. Na tsani mutumin nan a lokacin, gaskiya. Sai daga baya na ga yadda tsagi ɗaya ke keta naman mutum daga sama har ƙasa, daidai wurin da likita ke son dubawa.

Ranar da ya fara barina in zauna a gaban injin yanka, naman wani dattijo ne da aka ɗebo daga cikin tumbinsa, bai fi ƙwayar gero ba. Na kama hannun injin na fara juyawa da ƙarfi, ina so ya ga na iya. Sai ya dafe hannuna.

"Garba, wannan nama shi ba shi da ƙane. Idan wuƙa ya cinye shi, sai an sake shiga cikin mutum."

Hausarsa ke nan, mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa, amma ban taɓa kasa gane abin da yake nufi ba.

Shi ya koya mini yadda ake zama da zafin garin nan. Da bazara kaki yakan yi laushi, yanka ya ƙi fita, sai an kwantar da shi a kan ƙanƙara tukuna. Kuma dole a kashe fanka, domin abin da ke fitowa daga bakin wuƙa iska kaɗan ke ɗauke shi, ko numfashinka ma ya isa. Na sha ganin ɗalibi yana yanka yana amsa waya, ya yi dariya, naman mutum ya tashi ya manne a jikin taga. Shi ya sa kuke ganina ina zufa ina masifa idan wani ya taɓa makunnin fanka. Ba ƙeta ba ce.

Sai kuma masu kawo mana kwalaben. Idan a cikin asibitinmu aka yi aikin da sauƙi, ma'aikaci ne zai kawo. Amma ƙananan asibitoci na cikin gari da na ƙauyuka, hannun ɗan'uwan majiyyaci suke damƙawa, su ce ya kai ɗakin gwaji. Nan ake yin ta. Na ga nama a kwalbar zuma, na gan shi a bokitin fenti. Wani bawan Allah daga bayan Inkil warin maganin ya dami mutane a mota, sai ya tsiyaye shi ya zuba ruwan leda mai tsabta, ya iso yana jiran in yaba masa. Wata kuwa a firij ta ajiye nata kusa da zoɓo. Ba wauta ba ce, ba wanda ya tsaya ya yi musu bayani. Mutum ya ga an fito da ɗan'uwansa daga tiyata da rai, ina hankalinsa zai kai kan wata kwalba?

Kowane ma'aikaci yana da shekarar da ba ya son tunawa. Tawa ita ce shekarar da injin da ke tsotse mana ruwan nama ya mutu, aka ce abin gyaransa sai daga waje. Mista Etim ya riga ya koma garinsu. Muka koma yi da hannu, ana ɗaga ɗan kwando daga wannan kwalba zuwa waccan, ido na kan agogo. Kaki ya yi wuya, har sai mun narkar da tsoho mun tace. A tsakiyar haka likitanmu mai duba gilashi ya tafi ƙaro karatu, ya zama sai mun naɗe gilasan a kwali mun ba direba ya kai wani gari. Sakamakon da ake samu cikin mako biyu ya koma sai wata ya wuce. Zagi kuwa mun sha shi a bakin tagar karɓar sakamako, kuma ban ga laifin masu yi ba.

A daminar shekarar ne wani mutum ya zo tagarmu da kwalba a cikin baƙar leda. Ya ce sunansa Isiyaku, kafinta ne a Fadaman Mada. Ya jira har layi ya watse, sannan ya matso ya ajiye kwalbar. Na ɗaga ta na duba: ruwan magani ne kawai, babu komai a ciki. Ya sunkuyar da kai ya tambaye ni ko za a iya auna ruwan, tun da naman ya ɗan zauna a cikinsa.

Na shigo da shi ciki na ba shi kujera. Da ƙyar labarin ya fito. Matarsa Rabi, tela ce, uwar 'ya'ya, ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Aka cire shi gaba ɗaya a wani ƙaramin asibiti, aka ba shi kwalbar ya kawo mana. Da yake yammacin Juma'a ne, sai ya ce bari ya bari sai Litinin. Rabi kuwa gidan mahaifinta aka wuce da ita jinya, a Ƙofar Dumi, don haka can ya ajiye ledar a lungun zaure. Mahaifin, Malam Buba, tsoho ne mai wankin hula, shi ke jan sallah a masallacin layinsu. Ya ga leda ya buɗe, warin ya sa shi hawaye, ya ga tsokar jikin 'yarsa tana yawo a cikin ruwa mai yaji. A saninsa, abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ba a wulaƙanta shi. Ya ciro shi, ya wanke, ya naɗe a farin ƙyalle, ya binne a bayan gida, kusa da inda ya binne mabiyiyar duk 'ya'yansa. Da Isiyaku ya dawo, tsohon da kansa ya gaya masa, cikin natsuwa, kamar wanda ya sauke masa wani nauyi.

Na tambaye shi me ya ce wa tsohon. Ya ce godiya ya yi. Surukinsa ne, bai taɓa ko haɗa ido da shi ba, ta yaya zai buɗe baki ya ce masa ya yi kuskure, balle ya ce ya tono? Ita kuma Rabi duk lokacin da ta tambaya, sai ya ce mutanen ɗakin gwaji ne ke jan ƙafa. A shekarar nan kowa zai yarda da wannan. Yanzu mako uku sun wuce, likitan da ya yi mata aikin yana neman sakamako, ya ce ba zai iya cewa komai ba sai ya gani. Kuma abin da ya fi tayar masa da hankali, mahaifiyar Rabi sankarar mama ce ta yi ajalinta.

Na so in yi masa faɗa, har na buɗe baki, sai na fasa. Na gaya masa ruwa ba ya magana. Na kuma gaya masa abin da ke ƙasa: ƙullutun nan shi kaɗai ne, an cire shi duka, babu wani wuri a jikin matarsa da za a sake ɗebowa. In daji ne, dole a koma a cire maman tun bai bazu ba. In ba daji ba ne, ta warke ke nan, ta koma kan kekenta. Amsar tana cikin ramin nan, in ƙasa ta bar wani abu.

Ba aikina ba ne zuwa gidajen mutane, amma na ga in na bar wa Isiyaku, kunya za ta sake cinye wani makon. Bayan la'asar na hau bayan babur ɗinsa da kwalbar sabon magani a aljihu, muka kutsa lungunan Ƙofar Dumi. Muka tarar da Malam Buba a zaure, huluna jere a kan itacen ɗaurinsu suna shan iska. Isiyaku ya durƙusa can bakin ƙofa ya zama kurma. Ni na yi bayani. Na yi ƙoƙari kada kalmar kuskure ta fito daga bakina.

Tsohon ya saurare ni har na gama. Ya ce shi a iya saninsa abin da aka ba ƙasa ba a komawa a karɓa. Na ce ni ba malami ba ne, amma ya fi ni sanin cewa lalura tana da hukuncinta, kuma ran Rabi ne a gaba. Ya dubi hulunansa. Sannan ya kafa sharaɗi biyu: shi zai tono da hannunsa, kuma duk abin da ya rage bayan mun gama, a dawo masa da shi ya mayar. Na ɗauki alkawari.

Muna tsugune a bayan gida, gindin wani zogale, yana tono da 'yar fartanya, sai ga Rabi ta fito riƙe da buta. Ta dube mu, ta dubi farin ƙyallen da ya fara leƙowa daga cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta dubi kwalbar da ke hannuna. Ba wanda ya yi mata bayani, ba ta kuma nema ba. Mijinta ta kalla.

"Ashe a bayan ɗakina sakamakon yake," in ji ta.

Ta juya ta koma ciki.

Washegari na buɗe ƙyallen a kan teburina. Naman bai daɗe a cikin magani ba kafin a ciro shi, don haka bayansa kawai ya ƙame, kamar ɗanwaken da aka tsame bai nuna ba. Cikin ya narke, damina ta gama da shi. Na bi gefe-gefe ina tsinto duk inda ya yi ɗan tauri. Ban taɓa yi wa wani nama hidimar da na yi wa wannan ba. Na zaɓi kaki mafi tsabta a ɗan abin da ya rage mana, na yanka da sanyin safiya, na rina, na sake rinawa. Na kai kwalin tasha da kaina.

Da amsa ta dawo, likitan can bai tsaya a takarda ba, ya kira ni a waya. Ya ce yawancin abin da na aiko ya mutu, sai inuwa. A can bakin gefe akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ba su kwanta masa ba, amma ba zai iya rantsuwa a kansu ba. Zai iya zama daji, zai iya zama ruɓewa ce ta sauya musu kama. Haka ya rubuta, domin haka ne gaskiya.

Babban likitan tiyata na asibitinmu ya zaunar da Rabi da mijinta, ya shimfiɗa musu hanya biyu. Ko a zuba ido, tana zuwa ana dubawa, in wani abu ya sake tsirowa a san abin yi, tare da sanin cewa wataƙila a lokacin an makara. Ko kuwa a cire maman yanzu, tare da sanin cewa wataƙila lafiyarsa ƙalau. Ya ce su je su yi shawara.

Daga ofishinsa Rabi ta zo tagata, ita kaɗai. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi iyali, sannan ta ce:

"Malam Garba, kai ka riƙe shi a hannunka. Tsakaninka da Allah, me ka gani?"

Na ce mata karanta gilashi ba aikina ba ne, kuma ko da aikina ne, abin da na gani bai isa a yanke hukunci a kansa ba. Na san ba wannan ta zo ji ba, na kuma ji nauyin faɗarsa. Ta gyaɗa kai. Ta ce ita ta yi jinyar mahaifiyarta, ita ke wanke mata ciwon har ranar ƙarshe, kuma autarta ba ta shiga makaranta ba tukuna.

"Ba zan iya kwana ina lalube jikina ba. Gara a cire."

Aka cire. Wannan karon daga tiyata kai tsaye aka kawo mini, cikin bokiti, magani ya rufe shi ruf, Isiyaku na biye da mai ɗauke da shi kamar za a sace. Muka yanka shi sala-sala, ni da wani ƙaramin likita, muna taɓa kowane yanki da yatsa ko za mu ji tauri. Muka ɗebi nama daga kewayen tsohon ramin, muka ɗebi kaluluwar hammata, muka ɗebi har inda ba a saba ɗiba ba. Gilasan da na aika sun cika kwali.

Ba a sami komai ba. Ko ƙwaya ɗaya.

Isiyaku ya yi ta hamdala a bakin taga, har da rungume ni. Kuma abin hamdala ne, Rabi tana nan da ranta har yau, ita ta ɗinka wa 'yata kayan aure. Amma ku da kuke koyon aikin nan ya kamata ku gane abin da wannan sakamako yake faɗa da abin da bai faɗa ba. Mai yiwuwa dajin ne, aikin farko ya kwashe shi duka. Mai yiwuwa kuma tun asali babu shi, ƙullutu ne irin wanda mata da yawa ke yi a cire a manta. Likita ya yi wa Rabi wannan bayani, ta ce ta ji. Ban san wanda ya kai wa tsohon labarin ba.

Akwai alkawari a kaina, don haka da lokacin da muke ajiye ragowar nama ya cika, na nemi izinin manya da na Rabi, na aika a gaya wa Malam Buba. Na zaci Isiyaku zai turo. Sai ga shi da kansa da hantsi, ya tako har asibiti, da sabon farin ƙyalle a naɗe a hammata. Ya rame. Na shigar da shi ɗan ɗakin da muke ajiya, na fito masa da abu biyu: ɗan guntun da ya tono da hannunsa, da kuma babban, wanda bai taɓa gani ba. Na tsiyaye maganin, na ɗauraye masa su, na gargaɗe shi kada ya taɓa da hannu tsirara.

Ya shimfiɗa ƙyallen a kan tebur. Ya daɗe yana kallon babban. Sannan, ba tare da ya ɗago ba, ya ce:

"Ɗana, zan tambaye ka, kada ka duba tsufana. Da ban binne wancan ba, da ba a yanke mata wannan ba?"

Na ji tausayinsa ƙwarai. Da na ce masa ai ko ta yaya sai an cire, da ya tafi gida da sauƙi a ransa, kuma ba mai ƙaryata ni har abada. Amma mutumin ya roƙe ni kada in duba tsufansa.

"Ban sani ba, Baba. Wanda zai gaya mana shi ne wanda ƙasa ta ci."

Ya ce Allah ya sani. Na ce haka ne.

Na ɗora masa su a kan ƙyallen. Ya kama gefe ɗaya zai rufa, sai ya tsaya. Ya tambaye ni ko mun gama da su, ko akwai sauran abin da za mu duba. Na ce mun gama. Ya ce in dai sake tunani, shi ba ya sauri, zai iya dawowa wani watan. Na ce mun gama, Baba, babu sauran abin dubawa.

Sannan ya naɗe.